Injin zarto a gida: a auna kafin a saya, a shirya kafin a tada

An kai hatsi rumbu, an saki dabbobi cikin gonaki. Yanzu ne samarin Adar ke ɗaure kaya su tafi bida. Wasu Abijan, wasu Najeriya, wasu Libiya. Mutanen ƙasar Bambai, kudu maso yamma da Tawa, sun san wannan tafiya tun kakanni. Da rani, gari sai ya koma na tsofaffi da mata da yara.

Cikin masu tafiyar nan akwai waɗanda sunka koyo aikin kafinta a can. Sun ga injin zarto yana tsaga katako cikin ƙiftawar ido. Sun dawo da ƴan kuɗinsu suna shawara a zuci: "In na kafa irin wannan injin a gidanmu, sai in yi noma da damina, in yi katako da rani, in zauna kusa da tsofaffina." Shawara ce mai kyau. Amma wanda zai kafa injin zarto ya sa abu biyu a faifai. Na ɗaya, kuɗin da ya sha wahalar shekaru ya tara. Na biyu, yatsun hannunsa da na yaran gidansa. Kuɗi in sun tafi ana iya sake nema. Yatsa kuwa ba ya tohowa kamar reshen sabara. Saboda haka munka ga ya kamata mu yi bayani dalla-dalla a jaridar wannan wata.

Daga gizago zuwa zarto

Aikin icce ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Masassaƙa sun daɗe suna yi mana turmi da taɓarya, da akushi, da ƙotar hauya, da kwamin shayar da dabbobi, da allon almajirai. Kayan aikinsu gatari ne da gizago. Iccensu kuwa daga daji yake fitowa: ƙirya, danya, aduwa.

Amma daji ya ja baya. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa a Adar, mutane kuma sun ƙaru. Bukatun gida ma sun sake. Yau ana son ƙofa da taga masu kulluwa. Ana son gadon amarya da kabad. Ana son benci don ƴan lakwal, da tebur don mai tireda, da katakon shimfiɗa a amalanke. Duk waɗannan da katako miƙaƙƙe ake yin su, wanda anka tsaga daidai awo. Da zarton hannu ana yi, amma tsaga dogon katako guda yana cin lokaci da ƙarfi, kuma hannu yakan kauce. Nan ne injin ke da amfani.

Yadda injin yake

Tebur ne mai ƙarfi, da tsaga a tsakiyarsa. Ta cikin tsagar nan wani faifan ƙarfe mai haƙora yake leƙowa sama. A ƙarƙashin tebur akwai moter da ke juya faifan. Kafinta ba ya motsa zarto. Katako yake turawa, faifan yana ci.

Ga sassan da ya kamata kowa ya riƙe sunansu:

Faifai: shi ne zarton kansa. Na ƙaramin shago faɗinsa santimetir 25 ne zuwa 31.

Jagora: dogon ƙarfe ko katako miƙaƙƙe da ke kwance a gefen faifai. Jikinsa katako ke bi don tsagar ta fito sak.

Wuƙar baya: ƙarfe ne mai lanƙwasa da ke tsaye daf da bayan faifai. Ba ta yanka komi. Aikinta ta hana tsagar katako rufewa ta matse faifai.

Hula: murfin da ke rufe saman faifai, don hannu kada ya faɗa kansa.

Sandar turi: guntun katako mai ɗan baki a ƙarshe, da shi ake tura katako in hannu ya kusa faifai.

Ku dubi ƙarfin abin. Faifai mai faɗin santimetir 30 yakan yi juyi kamar 2,800 cikin minti ɗaya. Haƙoransa ke nan suna gudun kusan kilometir 160 a awa. Motar da ta fi kowace gudu a hanyar Tawa zuwa Ƙonni ba ta cika yin haka ba. Faifan nan kuma bai san bambancin katako da ƙashi ba.

A Amurka, inda injin ya cika gidaje, hukumar da ke lura da lafiyar kayan saye ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 30,000 ke zuwa asibiti kowace shekara saboda faifan ya taɓa su. Kamar 4,000 daga ciki sukan rasa yatsa. Tun 2004 ana sayar da wani iri a can mai suna SawStop, wanda ke tsayawa nan take in ya taɓa fatar mutum. Tsadarsa ta fi ƙarfin ƙaramin kafinta. Mu a nan, kariyarmu ita ce shiri mai kyau da bin doka.

Tambaya huɗu kafin a fitar da kuɗi

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka je kasuwa, zauna ka amsa tambaya huɗu.

Ta ɗaya: wa zai kawo aiki? Ɗauki littafi da alƙalami. Zagaya garinku da ƙauyukan da ke cin kasuwa ɗaya da ku. Rubuta gidaje nawa ake ginawa bana. Aure nawa za a ɗaura bayan kaka. Amalanke nawa ke neman gyara. Je wajen shugaban lakwal da ofishin magajin gari ka ji ko suna ba da aikin benci, kuma yaushe suke biya. Ranar Lahadi ka shiga kasuwar Tawa, ka tambayi kuɗin ƙofa da gado da tebur. In abin da za ka ƙera a gida zai fi na Tawa tsada, mutane za su wuce ka su tafi birni. In aikin garinku bai kai ya riƙe injin ba, ku haɗu ku biyu ko uku ku saya tare, ko kuwa ka riƙa kai katakonka birni ana tsaga maka kana biya. Wannan ba abin kunya ba ne.

Ta biyu: ina katako zai fito? Ƙasarmu ba ta da kurmi. Katakon da ake sayarwa a Tawa daga kudu yake zuwa, daga Najeriya da sauran ƙasashen bakin teku. A Yamai har akwai babbar kasuwa da ake kira Katako. Farin katako mara nauyi, wanda ƴan Najeriya ke kira obece, ƴan Gana wawa, ƴan Abijan samba, yana da sauƙin yanka da sauƙin kuɗi, amma gara da ƙwaro suna son shi. Jan katako ya fi ƙarfi da daɗewa, ya kuma fi tsada. Ka lissafa kuɗin ɗauko shi daga Tawa zuwa gida cikin kuɗin kowane aiki.

Kada kowa ya ce tunda ya sami injin sai ya faɗa wa itatuwan gona. Dokar daji mai lamba 2004-040, ta ranar 8 ga Yuni 2004, ta hana sare itatuwan da hukuma ta kare in babu izini. Gawo yana cikinsu, kuma kowane manomi ya san gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa, kowane makiyayi ya san darajar ƴaƴansa da rani. Wanda ke son iccen gida ya dasa nasa. Mutanen Majiya a ƙasar Buza sun fara dasa layukan dogon yaro don tare iska a 1975, daga baya sunka riƙa sassabe su suna samun iccen gini da na wuta. A Keita ma, aikin raya ƙasa da anka fara a 1984 ya dasa itatuwa masu yawa. Dogon yaro yana ba da icce mai ƙarfi wanda gara ba ta cika so ba. Amma a nemi shawarar ma'aikatan daji kafin a sa gatari.

Ta uku: me zai juya injin? Wutar gida ta NIGELEC mai ƙarfin volt 220 ce. Akwai manyan injuna masu neman volt 380, masu waya uku na wuta. Mutum yakan ga irinsu da araha a hannun wani, ya saya, ya kawo gida, sannan ya tarar wutarsa ba ta tada su. Kowane moter yana da ɗan allon ƙarfe a jikinsa. Karanta shi, ko ka sa a karanta maka, kafin ka biya.

Moter mai ƙarfin doki 2 ko 3 ya ishi ƙaramin shago. Amma ku sani, lokacin tashi moter yakan ja wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake ci in ya riga ya kama gudu. Kamar jaki ne da amalanke: ɗagawar farko ita ce mai wuya. Don haka wanda zai yi aiki da gurup, wato injin ba da wuta, ya nemi wanda ƙarfinsa ya ninka na moter sau biyu zuwa uku. Ƙaramin gurup na kallon telebijin ba ya iyawa. Allon hasken rana da ke cajin salula shi ma ba ya iyawa. In an tilasta, moter ne zai ƙone.

A garin da babu wuta, wasu sukan juya faifai da injin gazuwal da bel, kamar yadda ake juya injin niƙa. Ana iyawa, amma da sharaɗi biyu. A rufe bel ɗin da akwatin katako ko na kwano, don kada ya kama riga. Kuma a duba lambar da ke rubuce a jikin faifai, wadda ke nuna iyakar juyin da yake ɗauka a minti ɗaya. Kada a wuce ta. In gargaren da ke jikin injin ya ninka na faifai faɗi, to faifai zai ninka injin gudu. Faifan da anka wuce wa iyaka yana iya tarwatsewa.

Ta huɗu: ina za a girka shi? Katako yakan kai metir 4. Yana bukatar metir 4 a gaban faifai kafin ya shiga, da metir 4 a baya in ya fita. Ke nan fili mai tsawon metir 8 ake so, miƙaƙƙe, babu turke babu bango. Faɗinsa ya kai metir 3. Ɗakin kwana bai isa ba. Zaure ma bai dace ba, don hanyar kowa ce. Abin da ya fi shi ne rumfar kwano a gefen gida, mai katanga da ƙofa mai kwaɗo. Ta yi nesa da murhu, da rumbu, da tarin kara da harawa. Kada bakin injin ya dubi ƙofa ko wurin da mutane ke zama, don ta nan katako ke fita in ya ƙwace.

Wane iri za a saya?

Akwai na kamfani, akwai wanda masu walda ke ƙerawa a birane. Na gida ya fi araha, gyaransa kuma ya fi sauƙi. Amma sau da yawa yakan zo tsirara, babu wuƙar baya, babu hula. In za ka sa a ƙera maka, ka ce a sa su tun farko, ka biya. Kuɗinsu bai kai kuɗin kwana ɗaya a asibiti ba.

In tsoho za ka saya, cire wayarsa daga wuta, ka kama faifai ka girgiza. In yana lilo hagu da dama, ƙarfen da yake juyi a kai ya ci. Ɗora miƙaƙƙen katako bisa tebur ka leƙa ƙarƙashi. In haske na wucewa da yawa, tebur ya lotsa. Dubi faifai da kyau. Wanda ya tsage, ko haƙoransa sunka faɗi, jefarwa ake yi. Ba a yi masa walda.

Muna jan kunne ƙwarai a kan abu guda. Wasu sukan ɗaura faifan zarto a ƙaramin injin hannu na goge ƙarfe, su ce sun sami dabara. Wannan injin gudunsa ya wuce na faifan katako nesa ba kusa ba, kuma yana ƙwacewa daga hannu. Kada a yi.

Faifai iri biyu ake bukata. Mai manyan haƙora kaɗan, kamar 24, na tsaga katako ta tsawonsa ne. Mai ƙananan haƙora da yawa, 48 ko 60, na gutsure shi ta faɗinsa ne.

Girka injin

A daɓe ƙasa ta yi ƙarfi, in da hali a zuba siminti. Injin da ke tsaye cikin rairayi yakan nutse gefe guda. A kafe ƙafafunsa a ƙasa don kada ya yi tafiya in yana aiki. Tsayin tebur ya zan kamar santimetir 85 zuwa 90, wato wajen ƙugun mutum. Don a gane ko ya zauna daidai, a ɗora faranti da ruwa a kai. In ruwan ya karkata gefe guda, a ƙara wa ƙafar wannan gefen.

A bayan injin a kafa wani tebur mai tsayi ɗaya da shi, ko ƙasa da shi kaɗan. Shi zai tallabe katako in ya fito. Tsawonsa daga faifai ya kai metir 1 da santimetir 20, don mai karɓa a baya ya yi nesa da haƙora.

Aikin waya a bar wa mai gyaran wuta wanda ya san aikinsa. A sa waya mai kauri. Siririyar waya takan yi zafi, ta rage wa moter ƙarfi. A sa wayar ƙasa, don in wuta ta zuba a jikin tebur kada ta kama mutum. Makunni ya zan kusa da gwiwa ko hannun hagu, inda za a kashe shi ba tare da an duƙa bisa faifai ba. Kuma a nemi irin makunnin da ba ya tada injin da kansa. Kowa ya san wuta takan ɗauke ta dawo ba sallama. In ta ɗauke, mutum ya sa hannu yana share faifai, ta dawo, to aikin gama ya gama.

Daidaita shi

Duk wannan da waya a cire ake yin shi. Ba kashe makunni kaɗai ba, a zare wayar a ajiye ta inda ido ke ganinta.

A sa faifai yadda haƙoran sama za su dubi mai aiki. A ɗaure noti tamau.

A daidaita jagora da faifai. Ga yadda ake yi. Sa wa haƙori ɗaya alama da alli. Juyo shi gaba, ka auna tsakaninsa da jagora. Juya shi baya, ka sake aunawa. Awon biyu su zo daidai. In na baya ya ɗara na gaba da ɗan abin da bai kai milimetir 1 ba, babu laifi. Amma in na baya ya fi ƙanƙanta, katako zai matse, kuma haɗari ne.

Wuƙar baya ta tsaya layi ɗaya da faifai. Tazararta da haƙora kada ta wuce milimetir 8, kamar kaurin fensir ke nan.

A ɗaga faifai yadda haƙora za su ɗan leƙo bisa katakon da za a yanka, ba fiye da tsayin haƙori ɗaya ba. A sauko da hula kusa da katako.

A sassaƙa sandar turi guda biyu, kowace mai tsawon santimetir 45. A rataye su jikin injin.

Sannan a juya faifai da hannu a ji ko yana gugar wani abu. In babu, a sa waya, a koma gefe, a tada injin ya yi minti ɗaya ba katako. A saurara. In yana rawa ko yana wani baƙon sauti, a kashe a bincika. Yankan farko a yi shi da guntun katako mara amfani.

Shurin zarto

Makiyayi ba ya tsayawa bayan jakin da bai sani ba. Injin zarto ma yana shuri. Haƙoran gaba ƙasa suke yi, su ke yanka. Haƙoran baya sama suke tasowa. In katako ya matse su, ko ya karkace ya hau kansu, sai su ɗauke shi su jefo wa mai aiki da gudun da munka faɗa. Yana fasa ciki, yana fasa ido. Wani lokaci kuma yakan ja hannun da ke riƙe da shi ya kai bisa faifai.

Abubuwan da ke kawo shuri su ne: rashin wuƙar baya, jagora a karkace, faifai mai dakushi, ɗanyen katako, da katako mai lanƙwasa. Akwai kuma wanda ya fi shafar mu mutanen karkara, wato gungumen icce. Mutum ya sare dogon yaro, ya ce bari ya tsaga shi a injin. Gungume mulmulalle ne, ba ya zama bisa tebur, yana birgima. Sai an sassaƙe gefe biyu da gizago sun yi shafe, ɗaya ya kwanta a tebur, ɗaya ya bi jagora. Kuma sai ya bushe a inuwa tukuna.

Dokoki goma na mai injin

1. Kada ka tsaya saitin faifai. Tsaya gefe kaɗan.
2. Kada ka yanka komi da ka, ba tare da jagora ba.
3. In saura santimetir 30 hannunka ya kai faifai, ɗauki sandar turi.
4. Kada ka miƙa hannu ta saman faifai ko ta bayansa. Guntaye da sanda ake ture su, bayan faifai ya tsaya cik.
5. In za ka gutsure katako ta faɗinsa, janye jagora gefe. Yi amfani da abin turi mai zamewa, wanda ke riƙe katako a gicciye.
6. Tuɓe babbar riga. Naɗe jelar rawani. Cire zobe da carbi da laya mai lilo. Kada ka sa safar hannu, haƙora suna kama ta.
7. Duba katako kafin ya hau tebur. Cire ƙusa, kakkaɓe rairayi.
8. Mai karɓa a baya tallabewa yake yi. Ba ya ja.
9. Mai gajiya da mai jin barci kada su tada injin. Wanda ya sha ƙwaya kada ya kusance shi. Da azumi a yi yanka da safe, a bar haɗawa da gogewa zuwa yamma.
10. In ka tashi, zare waya, sauke faifai, kulle ƙofa, sa mabuɗi a aljihu.

A rubuta dokokin nan da manyan baƙaƙe a allo, a rataye a rumfa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ƙura da ƙara da gobara

Garin katako yana cuta sannu a hankali. Ƙurar farin katakon nan na obece an san ta da kawo asma. A 1995, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke Liyon a Faransa, ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji na cikin hanci. A sa abin rufe hanci na masu aiki, ya fi ƙyalle tarewa. A sa tabarau na kariya. A toshe kunne, don ƙarar injin tana rage ji in an daɗe. A girka injin yadda iska za ta kwashe ƙura ta yi waje da ita, ba wajen ɗakin mata da jarirai ba.

A share garin katako kowace yamma. Yana kama wuta da sauri. Ba a shan taba a rumfa, ba a dafa shayi a ciki. Esansi da gazuwal a ajiye su wani wuri dabam. A aje bokitin rairayi kusa da ƙofa. Wutar da ta tashi daga waya ko daga mai, da rairayi ake kashe ta, ba da ruwa ba.

Garin katako mai tsabta yana da amfani. Ana shimfiɗa wa kaji da tumakin turke, in ya haɗu da kashi ya ruɓe a kai gona. Amma na katakon da anka shafa wa fenti ko maganin gara, kada a sa wa dabba.

Maganar yara

Injin a gida yake, gida kuwa na yara ne. Ƙara tana jawo su. A ja layi a ƙasa, a ce kowa ya tsaya bayansa. Iyaye mata su taimaka da tsawatawa. Yaron da anka kawo koyon sana'a ya fara da awo, da zarton hannu, da gogewa, da shara. Sai ya girma, hankalinsa ya zauna, sannan ya taɓa injin, maigidansa na tsaye kusa da shi. Saurayin da ke son koyo sosai ya tambaya a ofishin magajin gari inda cibiyar koyon sana'a ta CFM mafi kusa take.

In tsautsayi ya auku

A kashe injin. A danne ciwon da tsumma mai tsabta, a danne da ƙarfi, a ɗaga hannun sama. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko esansi. In yatsa ya cire, a naɗe shi cikin tsumma mai tsabta mai ɗan laima, a sa a leda a ɗaure, a sa ledar cikin ruwan sanyi. A tafi da shi, likita ne zai ga abin da ya dace. A garzaya gidan likita mafi kusa nan take, in ciwon babba ne za su tura babban asibitin Tawa. A tambayi allurar tetanos, ciwon nan mai sandare jiki. Tun kafin ranar, mai shago ya san wane mai babur ko mai mota zai kira.

Ɗan lissafi

Zarto ma yana cin rabonsa. Kowace tsaga tana mai da kamar milimetir 3 na katako gari. Ga misali. Kana da katako mai faɗin santimetir 30. Kana son sanduna masu faɗin santimetir 5. Za ka ce 30 a raba da 5, 6 ke nan. Amma sanda 6 suna bukatar tsaga 5, tsaga 5 kuwa sun ci milimetir 15, wato santimetir 1 da rabi. Katakon bai kai ba. Sanda 5 za ka samu, da saura mai faɗin santimetir 3 da rabi. Wanda ya yanke wa mai aiki kuɗi bisa sanda 6, daga aljihunsa zai cika.

Haka ma mai. Zuba litar 1 a gurup, ka duba agogo, ka ga minti nawa ta yi tana aiki. Rubuta. Daga nan za ka san kuɗin man kowane aiki. A kowane aiki kuma ka ware wani abu a gefe don wasa faifai, da sabon bel, da gyaran moter. Ka tara yankan yini ka yi shi a tashi ɗaya, ya fi tadawa da kashewa.

Ƴan uwa, injin zarto yana iya riƙe saurayi a garinsu, ya sa kuɗin ƙofa da gado su tsaya a Bambai maimakon su tafi birni. Amma sai an amsa tambaya huɗun nan, an sa wuƙar baya da hula, an kulle ƙofa daga yara. Wanda ɗansa ko ƙanensa ke can wajen bida yana wannan shawara, ya adana masa wannan jarida har ya dawo. Ku karanta ta a dandali da makarantar yaƙi da jahilci. Wanda ke da tambaya, ko ya ga wata dabara mai kyau a wani shago, ya rubuto mana. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mu, ya sa wa sana'a albarka.